Ƙasar Bayan Tsamiya

Hayaƙin ganyen darbejiya ba ya ɓuya. Yana da wani ɗaci da ke tsayawa a maƙogwaro, ko cikin hayaƙi goma aka cakuɗa shi sai na tsince shi. Yau da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsintar wake, na miƙe ƙafa saboda gwiwar nan da ta hana ni sakat, sai iska ta kawo min shi daga bayan gida. Na ajiye faifan. Ban tashi nan take ba, don na san abin da zan tarar, kuma na san ko da gudu na tafi wuta ta riga ni. Ina zaune ina shaƙarsa, shi kuma yana ja na baya shekara hamsin. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, in ya so ma dawo kan hayaƙin na yau, ba inda zai je.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Indabo. Nan aka haife ni, nan aka yi min aure gida uku tsakani, nan kuma nake zaman jiran lokaci. Ni ba mai yawo ba ce, Wudil ɗin nan ma da ke kusa sai in shekara ban taka ta ba. Sanda na buɗe ido, bayan gidanmu jigawa ce fara fat, rairayi zalla, in rana ta take ba mai iya taka ta ba takalmi. Ba abin da ke fitowa sai ƙarangiya da tumfafiya, sai wata tsohuwar tsamiya guda ɗaya can tsakiya, wadda aka ce tana da masu ita, don haka mata da yara ba sa wuce ta. In an shuka gero a wurin, sai ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya fid da zangarniya kamar ɗan yatsa. In iskar hadari ta taso da farkon damina kuwa, sai ta kwaso rairayin ta watso mana tsakar gida. Mun ci tuwo yana ƙaras-ƙaras a haƙori har muka ɗauka haka tuwo yake.

Jigawar ta Kaka ce, mahaifin babana. Shi ne auta a ɗakinsu, da aka zo rabon gonaki yayyensa suka zaɓe na kirki, aka bar masa wadda ba mai so. Bayan wasu shekaru na fari da suka cinye dabbobin gari, sai ya tsiri tafiya Wudil ranar kasuwa da jakinsa, ya dawo da mangala cike da 'yan dashen itatuwa da yake karɓowa wajen malaman daji. Darbejiya ce ta fi yawa, sai bagaruwa da ɗorawa. Gawo kuwa da kansa yake rainonsa, yana bin turken awaki yana tsintar 'ya'yansa a cikin kashinsu, ya ce wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsiro. Kowane dashe sai ya kewaye shi da ƙaya, kowanne yana da rabin ƙwarya na ruwa safe da yamma, daga rijiyar da sai ka zura guga gaba goma. Ya dasa daga jikin katangarmu har ya wuce tsamiya can nesa. Shi ba ya tsoronta, ya ce shi da masu ita maƙwabta ne, ba su taɓa faɗa ba.

Mutanen gari suka samu abin dariya. In ya wuce majalisa da tulu a kafaɗa sai wani ya ce, "Malam, gero ya ƙi ka, ka koma noman inuwa?" Shi kuma ba ya tsayawa, sai ya ce, "Ƙasar nan yunwa take ji. Ku bari ta ƙoshi, za ku gan ta baƙa wuluk."

To, kun san yadda jika mace take da kakanta. Tun ban iya magana ba yake ce min amarya, ni kuma da bakina ya buɗe na sa masa tsohon ango. In na wuce sai ya ce, "Amarya, yau ma ba fura? Zan kai ƙararki wajen mai unguwa." In ce, "Da wane haƙorin za ka yi bayani?" Ya taɓa ce min shi ya haƙa kogin Wudil da hauya ɗaya, ya kuma ce lefena jaki bakwai za su ɗauko shi. Duk maganar da ta fito daga bakinsa ta nufo kunnena, wasa ce. Haka aka rene ni, haka kowa yake da kakansa. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ya yi saƙar.

Inna, mahaifiyata, daga wajen Ɗankaza aka kawo ta, kuma ban taɓa ganin mace mai tsafta irin tata ba. Ko allura ka yar a tsakar gidanta sai ka hango ta daga zaure. Ita ta koya min shara: a fara daga lungu, a duƙa sosai, a ja tsintsiya layi-layi har sawunta ya kwanta a ƙasa kamar kitso. Takan ce mace ana karanta ta ne a tsakar gidanta kafin a ga fuskarta. Na ɗauki abin da zafi. Yara suna wasan 'yar tsana, ni ina neman inda ganye ya faɗo.

Ina da kamar shekara goma itatuwan Kaka suka wuce tsayin ɗaki. Darbejiya ba ta da nawa. Daga ƙarshen sanyi zuwa bazara sai ta yi ta zubar da ganye, ya taru a gindinta, iska ta turo shi jikin katanga ya yi tudu. Ran nan aka ga kububuwa kwance a bayan madafi, kusa da inda ƙanina yake rarrafe. Aka kashe ta, amma Inna ba ta ƙara samun kwanciyar rai ba. Ga shi ba ta iya yi wa Kaka magana. Surukinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, in ya shigo durƙusawa take yi ta sunkuyar da kai har ya wuce. Baba kuma ba zai kalli mahaifinsa ya ce masa itatuwanka sun kawo maciji ba. Sai Inna ta miƙo min tsintsiya da ashana, ta nuna min bayan gida da haɓa.

Na share tun daga katanga har inuwar tsamiya ta fara, nan na tsaya. Na tara ganyen tsibi-tsibi na cinna masa wuta. Kaka ya dawo daga masallaci ya tarar da hayaƙi. Ya tsaya yana kallon rairayin da na fito da shi fari tas, da sawun tsintsiyata a kai. Can sai ya ce, "Amarya, kin kwashe wa ƙasa tuwonta kin ba wuta." Na ce, "Ƙasa tana da baki ne, tsohon ango?" Ya ce, "In kika sake share min nan, na sake ki." Na yi dariya har da riƙe ciki. Inna ma da ke laɓe a bayan zana na ji ta tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ya maimaita min ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Kowace bazara in share, ya ce ya sake ni, in ce na huta da wankin tsumma. Sau ɗaya ne kawai ya yi min maganar da wata irin murya, kuma har yau in na rufe ido ina jin ta. A shekarar da zai rasu ne, jikinsa ya riga ya yi rauni. Ya kira ni gindin wata darbejiya da ban kai gare ta ba tukuna, ya duƙa da ƙyar, ya kama hannuna ya cusa shi ƙarƙashin ganyen. Sama a bushe yake ƙamas, amma ƙasa akwai danshi, akwai sanyi, wani abu mai laushi ya manne min a yatsu. Ya ce, "Me kika ji?" Na zare hannuna na goge a zani na ce, "Ƙazanta." Ina kallon fuskarsa ina jiran ya yi dariya, don kullum dariya ce ƙarshen maganarmu. Bai yi ba. Ya dafa itacen ya miƙe, ya ce, "Shi ke nan, amarya," ya tafi. Ni kuwa na ce a raina yau tsohon ango wasan nasa bai yi armashi ba, na ƙarasa sharata.

Bayan rasuwarsa ba mai cewa a bari. Aka yi min aure, amma da yake gida uku ne tsakani, tsintsiyata ba ta yi ƙaura ba. In na gama sharar gidan mijina sai in zagayo in yi ta bayan gidanmu. Na yi ta da ciki, na yi ta da goyo, na yi ta ina takaba. Wurin ya zama abin kwatance. Nan maza ke shimfiɗa tabarma da rana, nan ake walimar aure da ta suna, baƙo in ya zo sai ya tambaya wace ce mai sharar nan. Tokar kuma ba na barinta, ina kwasowa in tace ruwanta don miya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin yabon. Ban yi boko mai nisa ba, ban iya sana'ar da za a san ni da ita ba, amma in aka ce tsafta, sai a ce 'yar gidan mai itatuwa. Har nakan ce a raina ina raya wa Kaka wurinsa ne.

Bayan tsamiya kuwa ya zama kurmi. Bagaruwa ta haɗe da darbejiya, ƙaya ta rufe hanya. Maza sukan kutsa neman akuyar da ta ɓata ko sarar reshe, amma wa zai duƙa ya tona ƙasar da ba a nomawa? Kowa da abin da yake zaune a kai yake auna wurin, wato farin rairayin da nake sharewa.

Shekara biyar ke nan da Baba ya rasu, Inna ta riga shi. Mu huɗu ya bari: Yaya, babbanmu, da ni, da ƙanwata da ke aure a Darki, da ƙaninmu da ke zaune a birni. Da aka zo maganar gado, Yaya ya ce a sare itatuwan. Kada ku ɗauke shi mugu. Mutum ne mai bakuna goma sha ɗaya a gidansa, gonarsa ta gaji, takin zamani ya fi ƙarfinsa, ga masu gawayi suna ta yi masa zarya. Ya tara mu a ƙarƙashin itatuwan, a kan tabarma, ya sa hauya ya tona ƙasa a gabanmu. Rairayi ya fito fari, ya zube ta tsakanin yatsunsa kamar gishiri. Ya ce, "Kaka ya ce za ta yi baƙi. Shekara nawa yau? Ga ta nan yadda ya same ta. Allah ya jiƙansa, ya yi wahalar banza." Ƙaninmu ya ce gaskiya ne. Ni na ce inuwar fa? Yaya ya ce, "Ki dafa mana ita." Aka tashi a kan za a sare kafin ruwa ya sauka. Na koma ɗaki na kwanta. Abin da ya fi cina ba itacen ba ne, kalmar nan ce, wahalar banza, a kan mutumin da na gani da idona yana ɗaukar tulu har kafaɗarsa ta yi kanta.

Ana saura 'yan makonni, mai unguwa ya aiko da wata baƙuwa. Ɗaliba ce daga jami'ar nan ta Wudil, matar aure ce ma, da dogon hijabi da takalmin roba irin na masu fadama. Tana buɗe baki na san daga wajen Sakkwato take. Ta ce tana bin wuraren da aka dasa itatuwa a kan rairayi tana ɗibar ƙasarsu, za ta kai a auna. Tana da wani ƙarfe dogo mai rami, ta kafa shi a ƙasa ta murɗa kamar mai tuƙin tuwo, in ta zaro sai ya fito da ƙasar a cikinsa. Na kawo mata ruwa na tsaya kallo, don ni ba a yin abu a bayan gidanmu ban sa ido ba.

Ta haƙa wuri uku a kusa da katanga. Kowanne ta zaro sai ta duba, ta ɗaga kai ta kalli girman itatuwan, ta sake duba ƙasar. Ta tambaye ni shekarunsu, na gaya mata da su na yi wayo. Sai idonta ya sauka kan sawun tsintsiya, na safiyar ranar, layi-layi. Ta ce, "Mama, wa ka share wurin ga?" Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ce. Tun ina shekara goma, ban taɓa fashi ba sai da ciwo." Ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari, yadda kowa ke cewa. Ta ce, "Ganyen fa?" Na ce ina ƙonawa. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ɗauki ƙarfenta ta nufi tsamiya.

Na ce mata ba a wucewa. Ta yi bismilla ta wuce. Ban san abin da ya ja ni ba, wataƙila kunyar a ce baƙuwa ta shiga ni 'yar gida na tsaya, na bi ta ina karanta duk addu'ar da na sani. Ina dab da shekara sittin, ranar na fara taka bayan tsamiya. Abin da na fara ji shi ne ƙafata tana nutsewa, kamar na taka katifa. Sai sanyi. Sai ƙamshi, irin na ƙasa in ruwan farko ya sauka, alhali wata shida ba a yi ruwa ba. Ta kafa ƙarfen ta murɗa ta zaro. Ƙasar ta fito baƙa, ta fi taƙi ɗaya kafin ta fara yin haske, da 'yan saiwoyi kamar zare, har da tana guda tana motsi. Ta zuba min a tafin hannu. Mai laushi, mai danshi, ta manne min a yatsu. Hannuna ya gane ta kafin kaina ya gane.

Muka zauna a kan wani kututture ta yi min bayani, ba ta yi min na 'yan boko ba. Ta ce itace yana shaƙar wani abu daga iska, sunansa kabon, ɗan'uwan gawayi ne, da shi yake gina ganyensa da jikinsa. In ganye ya faɗi ya ruɓe, gara da tana da wasu ƙananan halittu su ja shi cikin ƙasa, shi ne baƙin nan. Shi ke riƙe ruwa kamar soso, shi ke riƙe taki kada ya zurare. Rairayi shi kaɗai kwando ne, in ji ta, duk abin da ka zuba masa wucewa yake. Kuma baƙin nan a hankali yake taruwa, bana kaɗan, baɗi kaɗan. Na ce in an ƙona ganyen fa? Ta ce sai ya koma iska inda ya fito. Ta ƙara da cewa saiwa ta ɗan bar wani abu a inda nake sharewa, don ta ga fuskata ne, na sani. Wato abin da itatuwan Kaka suka shekara suna tarowa daga sama, ni nake mayar da shi sama da ashana ɗaya. Tuwon ƙasa. Da bakinsa ya faɗa min, da Hausa, ba da wani kabon ba.

Da la'asar na ɗauki faifai, na zuba farar a gefe, baƙar a gefe, na sami Yaya a zaure. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ɗebi baƙar ya murza, ya sansana, har ya ɗan taɓa a harshe, don manomi ne na gaske. Ya ce, "Daga fadamar wa?" Na ce, "Bayan tsamiya." Na ce masa, "Yaya, Kaka bai yi wahalar banza ba. Ni na share masa ita. Wadda ka tona a gabanmu, aikin tsintsiyata ka tona." Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce to a bar itatuwan. Ya daɗe yana juya ƙasar a hannu, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ce, "Allahu akbar. Ashe tsohon ya cika alkawari. To ai ta ƙoshi ke nan, sai a sare a shuka."

Kun ji yadda shaidar da na kawo ta juya ta sare ni. Na gaya masa abin da ɗalibar ta ce, cewa in aka buɗe wurin rana ta buge shi, aka yi ta noma ba ganye mai zubowa, baƙin zai gudu cikin 'yan shekaru. A rage dai, kada a share. Ya ce, "Ke, 'ya'yana bana za su ci, ba nan da 'yan shekaru ba." Ni da na yi shekara arba'in da wani abu ina ɓarna cikin jin daɗi, da wane baki zan hana mai yi don yunwa?

Abin da na iya shi ne na ce a fitar min da rabona a bayan tsamiya. Rabon mace kun san shi. Na aika wa ƙanwata a Darki, ta zo da kanta, na kai ta ta taka wurin, ta ce a haɗa nata da nawa, mijinta yana da gona. Da igiya aka auna, muka tashi da kashi ɗaya cikin uku. Sauran aka kawo injin yanka. Kwana huɗu yana kuka, na toshe kunnena da ɗankwali ban daina ji ba. Yaya dai ya bar gawo, don ba manomin da ke sare gawo a gonarsa. Tsamiya ma ba wanda ya yarda ya fara sa mata hannu.

Shekarar farko geron Yaya a baƙar ƙasar ya fi mutum tsayi, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo. Ya aiko min dami biyu, na karɓa na yi godiya, na ci kuma. Ta biyu ma ba laifi. Bana ta huɗu, na ga ƙasar ta fara yin fari-fari daga gefe, geron ya dawo ƙirji. Ba mu taɓa yin maganar da shi ba. Inda nake sharewa kuwa, da inuwar ta tafi sai ƙarangiya ta dawo, majalisa ta watse. Da hadarin farko na bara na tauna tuwo na ji ƙaras. Na ajiye lomar, na zauna ina kallon kwanon.

Yanzu sharar gidana ba na ƙonawa. In na tara sai in zuba a kwando in ja ƙafa in kai gindin itatuwanmu in juye. Mata suna cewa ruɗin tsufa ne, wai na gado Kaka. Na gaya wa jikokina dalili, suka ce Iya ta fara ba wa ƙasa tuwo, suka yi ta dariya. Ban ji haushi ba, ai ni kakarsu ce, maganata wasa ce.

To mu dawo kan hayaƙin yau. Matar autana ce, wata huɗu da kawo ta daga cikin garin Wudil. Yarinya mai hankali, mai tsafta kamar Inna. 'Yan yanzu ba su san tsoron tsamiya ba, in ka ce tana da masu ita sai su yi murmushi. Tsoron da ya tsare ƙasar nan shekara da shekaru ya ƙare, ban kuma san abin da zai tsare ta ba yanzu. Ni ban taɓa yi mata maganar wurin ba, don kada a ce daga zuwan yarinya suruka ta fara kafa doka. Ɗana na gaya wa, ya ce to, ya manta. Ita kuma ta ga itatuwan surukarta cikin datti, ga gwiwa ta hana ni duƙawa, ta ce bari ta fitar da ni kunya.

Na dogara sanda na je. Ta share gindin itace bakwai, tsibi uku suna ci. Tana ganina ta durƙusa, gumi a goshinta, tana murmushi tana jiran albarka. Na san fuskar nan, na sa ta shekara arba'in. Na sa mata albarkar tukuna, don ta cancanta. Sannan na ajiye kunyar da ke tsakaninmu, irin wadda ta hana Inna da Kaka yin magana ɗaya da za ta wadatar. Na kama hannunta na ja ta inda tsintsiya ba ta kai ba, na duƙa, gwiwata tana ƙara, na cusa hannun nata ƙarƙashin ganye. Na ce, "Me kika ji?" Ta ce, "Sanyi, Iya." Na ce ta fi ni. Na zaunar da ita na ba ta labarin nan duka, yadda na ba ku, ban yi dariya ko sau ɗaya ba. Ta saurara kanta a ƙasa. Da na gama ta ce, "To, Iya."

Ina da kunne, na san "to" iri-iri, amma wannan ban iya karanta ta ba. Ko ta ladabi ce, ko ta ganewa, sai bazara mai zuwa, in ina nan. Na gaji, ba zan iya gadin itace da gwiwa ɗaya ba. Da la'asar na leƙa ta kan katanga, na hango tsintsiyarta jingine da tsamiya inda ta bar ta. Ko mantawa ta yi ko ajiyewa, ban tambaya ba, ban kuma aika a ɗauko ba. Ganye dai ya riga ya fara zubowa a inda ta share.